Malaman da ba su bar aji ba

Ranar da aka yi sadakar bakwai ta kakarmu, wadda kowa a gida yake kira Inna, aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonta, a gidanmu da ke cikin birnin Katsina. Duk wanda ya tashi a gidan ya san akwatin Malam ne, wato mijinta, kakanmu, kuma ya san tun da Allah ya yi masa rasuwa, shekara fiye da 30 ke nan, ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba. Baffana, wanda shi ne babban gida a yanzu, ya sa aka ɓalle kwaɗon a gaban 'ya'ya da jikoki. Da aka ɗaga murfin, ƙasa ce ta fara zubowa, domin gara ta shiga ta inda tsatsa ta huda, ta cinye fiye da rabin abin da ke ciki. Abin da ya tsira shi ne rajistar aji guda ɗaya, da littattafan shirin darasi guda biyu, da takardar shaidar malanta, da wasu takardun canjin wurin aiki masu hatimin En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani, sai hoto ɗaya da ya dusashe, inda yake tsaye riƙe da kekensa, yara sun jeru a bayansa babu ko ɗaya mai takalmi.

Mutumin nan ya shekara fiye da 30 yana koyarwa a makarantun elementare na ƙasar Katsina, daga ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Dikko har tsakiyar mulkin soja, ɗaruruwan yara sun koyi riƙon fensir a hannunsa, amma abin da ya rage na tarihinsa a rubuce bai cika faifai ɗaya ba. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, mu Katsinawa da Daurawa muna da bashi a kanmu na tattara tarihin malaman makarantun farko na ƙauyukanmu da na iyalansu, kuma aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya ko jika ɗaya mai sha'awa, aiki ne na hukuma da kwalejoji da jama'a, wanda in ba a yi shi cikin 'yan shekarun nan ba, babu sauran wanda za a tambaya.

Wani zai ce ai Katsina ba ta manta da malamanta ba, tun da kowane ɗan makaranta ya san labarin Kwalejin Katsina. Haka ne, an san an fara ta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, an mayar da ita Kaduna a 1938, daga can ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau, tsohon gininta kuma yana nan a matsayin gidan tarihi. An san don horar da malamai aka kafa ta. An san Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koyar a Midil ta Bauci, kuma a Midil ta Katsina mutane irin su Abubakar Imam da Isa Kaita da Musa 'Yar'aduwa sun riƙe alli. Sai dai in mutum ya duba da kyau, zai ga duk waɗannan an tuna da su ne saboda abin da suka zama bayan sun ajiye allin: firimiya, firayim minista, editan jarida, minista. Koyarwar tasu takan zo a layi ɗaya cikin tarihinsu, kamar zangon da matafiyi ya yada kafin ya isa gari. Wanda ya shiga aji yana saurayi ya fito da furfura, bai riƙe ofis ba, bai samu sarauta ba, shi babu wanda ya ba shi ko layi ɗayan, alhali a hannunsa ne galibin mutanen karkara suka fara ganin baƙi da wasali na boko.

Bari in faɗi abin da na tattara na Malam daga bakin 'ya'yansa da ɗalibansa, domin a cikinsa ne hujjata take. Mahaifinsa malamin allo ne a wani ƙauye, haka kakansa. A zamanin da hakimai ke umartar dagatai su kawo yara makaranta, mutane sun riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu, wasu su tura su gabas karatu don kada a kama su, domin ana ganin boko hanya ce ta raba yaro da addininsa. Da aka matsa wa gidansu sai sun ba da ɗa ɗaya, aka duba aka ba da shi, saboda mahaifiyarsa ta rasu, ba shi da mai yi masa kuka a cikin gida. Sharaɗin da mahaifinsa ya gindaya shi ne, kullum ya dawo sai ya wanke allonsa ya ɗauki sabon rubutu, kuma haka aka yi har ya sauke. Ya yi shekara huɗu a elementare, aka zaɓe shi zuwa Midil a birni, daga nan aka horar da shi aikin malanta, aka tura shi ƙauye yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka. Marayan da aka sadaukar shi ne daga baya ya riƙa biya wa gidan haraji, ya aurar da ƙannensa, kuma daga cikin albashinsa aka sake rufin zauren makarantar allon mahaifin nasa.

A gefen shafukan littafin shirin darasinsa akwai abin da ya tsaya mini a rai. A tsakiyar shafi ya rubuta darasin lissafi da boko, haruffa a kishingiɗe, kowane layi a miƙe kamar an ja da igiya, tawadar shuɗiya ta koma ruwan ƙasa. A gefe kuma, da ƙananan baƙaƙen ajami, ya rubuta wa kansa tunatarwa: yaro wane yana jin kunya, kada a fara tambayarsa, yaro wane ba ya gani daga baya, a dawo da shi gaba, a kawo ƙwayar gyaɗa da tsakuwa don ƙirga. Wato da boko yake yi wa mai duba makarantu rubutu, da ajami yake yi wa zuciyarsa magana. Duk mai son ya fahimci yadda Bahaushe ya karɓi boko ba tare da ya saki allo ba, wannan shafi ɗaya ya fi masa lacca goma amfani, kuma ina da yaƙinin akwai irinsa da yawa a cikin adakar tsofaffi daga Funtuwa har Ɓaure, gara na aikinta a kansu.

A kwana na uku na zaman makokin Inna, wani dattijo ya zo daga ƙauye, ya haura tamanin, tsohon malamin gona ne. Bai san kowa a cikinmu ba, a wajen sallar Juma'a ya ji an ce matar Malam ta rasu, ya hau mota ya taho. Bayan an yi addu'a ya ce, “Ina jikokin Malam?” Muka matso muka durƙusa. Ya ce, “'Ya'yana, wannan sunan garin da nake amsawa, wanda yanzu yake jikin takardun 'ya'yana da jikokina, kakanku ne ya laƙaba mini, saboda mu uku ne masu suna ɗaya a aji. Shekarar haihuwata ma shi ya yanka mini. Ya ce in ɗora hannu bisa kai in taɓo kunnena, da na taɓo ya ce na isa, ya rubuta.” Daga nan sai ya fara kiran sunayen 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, da irin muryar da Malam ke kira da safe, yana tsayawa bayan kowane suna ya ce Allah ya jiƙansa. Kwana huɗu bayan haka, da aka buɗe akwatin, muka tarar rajistar da ta tsira ta ajinsu ce, kuma bai tsallake suna ɗaya ba, bai sauya jeri ba.

Ina so mai karatu ya tsaya a kan wannan. Ɗabi'ar nan ta haɗa sunan mutum da na garinsu, wadda ta ba mu sunaye irin su Kaita da Shagari da Tafawa Ɓalewa, rajistar makaranta tana cikin manyan abubuwan da suka yaɗa ta. A zamanin da babu takardar haihuwa a karkara, rajistar aji ita ce wuri na farko da aka taɓa rubuta sunan talaka don wani abu da ba haraji ba. Saboda haka tsohuwar rajista tarihin gari ce gaba ɗaya: gidajen da suka fara ba da yara, shekarar da aka fara ganin sunan mace, watan da yara suka ragu saboda ƙyanda ko sanƙarau ko yunwa, lokacin da aka watse don roron gyaɗa da tsinkar auduga. Wanda ya bar ta ta ruɓe a cikin sito bai san girman abin da ya zubar ba.

Aikin malamin ƙauye na wancan zamani bai tsaya a bakin ƙofar aji ba. Shi ne mai rubuta wa tsohuwa wasiƙa zuwa ga ɗanta da ya tafi cin rani kurmi ko ya shiga soja, shi ne mai karanta amsar idan ta zo, shi ake kai wa takardar haraji da ta jangali ya duba ko an yi ƙari, shi manomi ke roƙo ya raka shi wajen sikeli ranar awon auduga. Da aka ƙaddamar da yaƙi da jahilci a shekarun 1950, aikin da Malam Ahmadu Kumasi, shi ma tsohon malamin makaranta ɗan Katsina, ya yi suna a kansa a faɗin Jihar Arewa, irin waɗannan malamai ne suka riƙa zama da magidanta da yamma a ƙarƙashin inuwa suna koya musu haɗa baƙi. Babu takardar da ta nuna wannan ɓangare na aikinsu, sai a bakin waɗanda suka amfana.

Sannan akwai matansu, waɗanda ko a cikin gidajen ma ba a cika lissafa su cikin labarin ba. Tarihin gidanmu taswira ce ta canjin wurin aikin Malam: an haifi mahaifina a ƙasar Mani, baffana a ƙasar Ingawa, goggonnina biyu a ƙasar Kankiya, kuma akwai yara biyu da Inna ta binne a wani ƙauye cikin mako guda, ba ta sake ganin kabarinsu ba, domin damina na faɗuwa takardar canji ta zo. Duk inda aka sauka, sai ta ɗora tukunyar da ta fi ƙarfin gidanta, saboda yaran da ke zuwa daga ƙauyukan nesa ba su iya komawa kullum, a zauren Malam suke kwana, daga albashinsa suke ci, ita ke daka, ita ke tuƙa, ita ke duba kan mai ƙwarƙwata da ƙafar mai kaushi. Lokacin da aka fara neman 'yan mata a makaranta, ita ce ke ɗaukar fitila bayan isha ta shiga gida-gida tana lallashin iyaye mata, tana ɗaukar musu alkawarin cewa 'yarsu a gabanta za ta riƙa zama. Ba ta taɓa karɓar anini daga baitulmali ba, sunanta ba ya cikin kowane fayil. Duk tarihin ilimin da za a rubuta a ƙasar nan a bar irin su Inna a waje, ragagge ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mu ba mutane ba ne da ba su san darajar tuna malami ba. Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani sun bar duniya fiye da shekara 300, amma har yau yaro a Katsina ya san sunansu, unguwar Masanawa tana nan, hasumiyar Gobarau tana tsaye ana nuna ta a matsayin shaidar cewa garin nan garin karatu ne. Je ka zauren kowane malamin ilimi ka tambaye shi wajen wa ya yi karatu, zai gaya maka, ya gaya maka malamin malaminsa, ya ja silsila har inda ta tsaya, kuma ba zai buɗe littafi ba sai ya yi musu addu'a. Maƙeri ya san wanda ya gada, haka marini, haka baduku. Bokon da ya shekara fiye da ɗari a ƙasar nan shi kaɗai ne ya tashi ba shi da silsila. Mun ɗauke shi aikin gwamnati, malaminsa kuma ma'aikaci ne da ake kawowa a ɗauke, idan ya yi ritaya an rufe fayil. Tambayi hedimastan firamare a yau wa ya buɗe makarantar da yake shugabanta, sau da yawa zai ambaci sunan gwamna ko hakimi, ba sunan mutumin da ya fara buga ƙararrawa ba.

A ganina wannan yankewar silsila tana da hannu a cikin halin da sana'ar take ciki. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma a gidan Malam gadon bai wuce hawa biyu ba. Cikin 'ya'yansa biyu ne suka koyar. Baffana ya shiga da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, daidai lokacin da aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, lokacin da yara suka yi ambaliya cikin makarantu, aka riƙa horar da malamai cikin gaggawa, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekarar. Bai yi shekara goma ba ya ajiye, bayan an riƙa shafe watanni ba albashi, ya koma kasuwa. Cikin jikoki kuwa, mu da muka haura arba'in, mace ɗaya ce take koyarwa, ita ma idan aka tambayi mahaifiyarta sai ta ce, “Tana ɗan taɓa koyarwa kafin Allah ya kawo aiki.” Kowa ya san yadda ake roƙo a gidajen manya: “Ranka ya daɗe, a taimaka wa yaron nan, ko koyarwa ce.” Wannan “ko” ɗin ta ishi mai hankali bayani. Ba na cewa rashin tarihi ne ya jawo haka shi kaɗai, domin albashin da ba ya kai wata da fanshon da sai an sha layin tantancewa su ne kan gaba. Amma saurayin da ya shiga aji bai san wanda ya tsaya a wurin kafin shi ba, bai taɓa jin an ambaci wani malamin firamare da girmamawa a bainar jama'a ba, da wuya ya ɗauki wurin a matsayin gida, zai ɗauke shi tasha ce.

Na san abin da za a ce, kuma ba magana ce ta banza ba. Za a ce ajujuwa ba rufi, yara na zaune a ƙasa, an rufe makarantu a wasu yankuna saboda 'yan bindiga, wa ke ta tsofaffin takardu? Amsata ita ce, aikin da nake magana a kai ba ya cin kuɗin buhun siminti ɗaya daga kason gini, abin da yake buƙata umarni ne da tsari da wayar hannu mai ɗaukar murya da hoto. Matsalar tsaron ma ƙarin dalili ce ta gaggawa. Tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 kowa ya san halin da makarantun yammaci da kudancin jihar suka shiga, kuma duk ƙauyen da ya watse, makarantarsa takan zama kango, takardunta su zama abin hura wuta, tsofaffinsa su warwatsu a gidajen 'yan uwa a birni inda ba mai tambayarsu komai. Rufin aji ana iya sake shi baɗi, amma dattijon da ya riƙe jerin sunayen ajinsu a ka ba zai jira kasafin kuɗin baɗi ba.

Za a kuma ce malaman nan ba waliyyai ba ne: ma'aikatan En'e ne a ƙarƙashin Turawa, da dogari aka riƙa kawo musu yara, kuma bulalarsu ba ta da sauƙi. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa nake cewa tarihi za a rubuta, ba kirari ba. Malam yana duka, dattijon nan da ya zo ta'aziyya ya nuna mana tabo a ƙaurinsa, ya ce na jadawalin bakwai ne na darasin lissafi. Abin da ya fi wannan nauyi a gidanmu shi ne, mutumin da matarsa ke yawo da fitila don 'ya'yan wasu su shiga makaranta, shi da kansa ya cire babbar 'yarsa bayan elementare ya aurar da ita, saboda maganar dangi ta yi masa yawa. Goggona tana raye, kuma har yau idan aka zo kan maganar sai ta ce, “Allah ya jiƙan Malam, amma ni na fi duk mazan nan ƙoƙari.” Ba na jin wannan ya rage masa daraja. Yana nuna mana irin matsin da mutanen wancan zamani suka rayu a ciki, kuma wanda yake faman shawo kan iyaye a kan karatun 'ya mace a yau zai fi ƙaruwa da labarin Goggo fiye da jerin yabo.

Wani kuma zai ce ai takardun suna Kaduna. Akwai da yawa a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da kuma Gidan Arewa, amma galibin na zamanin Turawa rahotanni ne da jami'an ilimi suka rubuta wa na gaba da su: yawan yara, kuɗin da aka kashe, ra'ayin Bature game da malami. Muryar malamin kansa ba a can take ba. Fayilolin ma'aikata kuwa sun sha ƙaura: daga Jihar Arewa zuwa Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen tsarin En'e aka raba kayanta, sannan aka cire Jihar Katsina daga Kaduna a 1987. Duk wanda ya taɓa tashi daga gida zuwa gida ya san kowace ƙaura da abin da take haɗiyewa. Lokacin da na je wani ofis neman fayil ɗin Malam, ma'aikacin ya karɓe ni da mutunci, ya buɗe mini wani ɗaki, na tarar da takardu a ɗaure a ƙasa, ruwan damina ya manne su sun zama kamar tubali.

Hanyar da nake gani ba mai wuya ba ce. Kowace shekara ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, da Kwalejin Isa Kaita da ke Dutsin-ma, da Kwalejin Yusufu Bala Usman da ke Daura, da masu karatun malanta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, suna bazuwa cikin makarantu koyarwar gwaji. A sa ya zama wajibi ga kowane rukuni da aka tura makaranta su dawo da tarihinta: jerin hedimastoci da malaman farko, hoton duk wata tsohuwar rajista ko littafin labarin makaranta da ya rage, da hira da tsofaffin ɗalibai da matan malamai da 'ya'yansu. Wanda aka sa wa kwalejin Daura sunansa, Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, da irin wannan yawo na bin dattawa gari-gari ya haɗa bincikensa a kan tarihin Katsina, saboda haka ba baƙuwar hanya ba ce a gare mu. Amfanin zai zama biyu, domin ɗalibin da ya zauna gaban tsohuwa ta ba shi labarin yadda ta ciyar da ɗaliban mijinta, ba zai shiga aji da irin zuciyar da zai shiga da ita in bai ji ba. Ya kamata hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha ta ba da umarnin kada a zubar ko a ƙona wani tsohon littafin makaranta, Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha ta zama ma'ajiyar kwafin, a nemi ɗaki ɗaya a tsohon ginin Kwalejin Katsina a keɓe shi ga malaman elementare, tun da don koyarwa aka aza harsashinsa. Iyalai su riƙe takardunsu na asali, hoto kawai za a ɗauka, kuma duk abin da suka ce sirrin gida ne a bar musu abinsu, musamman sunayen mata in ba su yarda ba.

Akwai kuma maganar suna. A 2022 an sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki, kuma kowace ranar 5 ga Oktoba ana taruwa a yi jawabai a ce ladan malami ba sai a lahira ba. Duk da haka, idan aka tashi raɗa wa makarantar firamare ko sabon rukunin ajujuwa suna, sai a nemo basarake ko ɗan siyasa. Ba na ƙin a girmama su, amma a garin da aka san malamin da ya buɗe makarantar, ya kwana a cikinta, ya binne 'ya'yansa a maƙabartar garin, ban ga wanda ya fi shi cancanta ba.

Bayan arba'in ɗin Inna na ɗauki hoton kowane shafi da ya tsira, na buga kwafi, na kai makarantar ƙauyen da rajistar ta fito. Hedimastan matashi ne, bai kai shekara arba'in ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana duban rubutun, sannan ya ce, “Yallaɓai, wallahi mutum uku kawai na sani kafin ni.” Ya aika aka kira dattijon nan, suka zauna a benci a gindin dalbejiya suna lissafi da yatsu, wane ya zo bayan wane, wane ya yi damina biyu, wane ya rasu a nan. Da na koma bayan wata guda, na tarar ya sa an shafe bangon ofishinsa da farin fenti, an rubuta sunan Malam a can sama, an rubuta na mutum ukun da nasa a ƙasa, an cike sunaye biyar a tsakani, an bar layi huɗu babu komai. Ya ce akwai wata tsohuwa a unguwar maƙera da aka ce mijinta ya koyar a nan zamanin Sardauna, ranar kasuwa zai tura malama ta shiga ta tambaye ta.